Ɗaga Gaban Babur Don Gyaran Shokazoba: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Zaɓen Sitan

Idan ka ga mai yana tsiyaya a ƙafar shokazobar gaba har yana kama ƙura, sil, wato robar da ke tare man, ya mutu ke nan, kuma ba makawa sai an zare ƙafar an kwance ta. Kafin a kai ga sufana akwai maganar da ta fi komai ɗaure kan masu babur: a kan me babur zai tsaya bayan an cire masa taya da ƙafafun da suke ɗauke da shi? Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, daga masu ƙananan babura na yau da kullum har masu manyan babura na gudu da na tafiyar nesa.

Na ga ana sayar da sitan gaba a intanet. Kowanne na saya zai yi?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Sitan gaba iri biyu ne, a hoto suna kama da juna, amma aikinsu ya sha bamban.

Na farko yana kama babur ne ta ƙarshen ƙafafun shokazoba, kusa da sandar taya. Ka danna hannunsa ƙasa, taya ta tashi. Da shi za ka cire taya, ka canza faifan birki, ka wanke wili. Sai dai nauyin gaban babur duk yana kan shokazobar, don haka ba ka da halin zare ta. Wanda ya sassauta notocin da ke riƙe da ƙafar alhali babur yana kan irin wannan sitan, gaban babur zai zame ƙasa ya sauka a kan hannunsa.

Na biyu yana da fil guda ɗaya mai kallon sama. Fil ɗin yana shiga ramin da ke ƙarƙashin wuyan babur, a tsakiyar mariƙin shokazoba na ƙasa, inda sandar wuya take. Nauyi yana sauka a kan wuyan, ƙafafun biyu kuwa suna reto ba abin da ya danne su. Wannan shi ne na aikin shokazoba: canza sil, canza mai, canza sifirin, ko kai ƙafafun wajen gwani a bar babur a gida. Akwai waɗanda ake ƙera su da ƙarin hannu da ake ɗaurawa, ya zama sitan ɗaya yana yin aikin biyu. Idan kuɗinka zai kai, wannan ya fi amfani.

To yaya zan san fil ɗin zai shiga babur ɗina?

Ka durƙusa da tocila ka leƙa ƙarƙashin wuyan kafin ka biya ko sisi. Abu uku za ka duba.

Da farko, akwai ramin kuwa? Sandar wuyan wasu babura a toshe take daga ƙasa. Na biyu, hanya a buɗe take? Kamfanoni da dama suna ɗaure hon ko mahaɗar tiyon birki daidai wurin, sai an kwance su an kawar gefe. Wani babur ɗin kuma robar hancinsa ta sauko ƙasa sosai, hannun sitan ba zai wuce tsakaninta da madigad ba sai an cire ɗaya daga ciki.

Na uku shi ne faɗin ramin, kuma shi ne wanda ba a wasa da shi. Filallan suna farawa daga kusan milimita 13 har sama da 20, kowane samfurin babur da nasa. Ka auna ramin da ma'aunin milimita. Idan babu, ka gwada ƙusoshi masu kauri daban-daban har ka sami wanda ya shiga cif, sai ka auna shi. Fil ya shiga da ɗan sauƙi, amma kada ya yi lilo a ciki. Wanda ya yi siriri da yawa zai bar babur yana karkata duk lokacin da ka ja sufana, kuma yana iya lanƙwashewa. Kamfanoni irin su Pit Bull na Amurka suna da jerin da ke nuna fil ɗin da ya dace da kowane babur, masu araha kuma sukan zo da filalla huɗu ko biyar a cikin kwali. Kada ka ɗauka ɗaya daga cikinsu dole ya yi maka.

Gaba kawai nake so in ɗaga. Sai na sayi na baya ma?

Idan babur ɗinka ba shi da dabal sitan, e, dole ne. Sitan gaba ba ya riƙe babur a miƙe, ɗagawa kawai yake yi. Abin da ke hana shi faɗuwa hagu ko dama shi ne na baya, saboda ƙafafunsa a buɗe suke kuma ya kama hannun tayar baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayar da firam, ta ɓangare biyu. Tsarin kullum ɗaya ne: baya ake fara ɗagawa sannan gaba, wajen saukewa, gaba ake fara saukewa sannan baya. Wanda ya cusa fil a wuyan babur da ke jingine a kan ƙaramin sitan na gefe ya danna, zai tashe shi daga ƙasa da taimakon maƙwabta.

Na bayan ma iri-iri ne. Akwai mai faffaɗan roba da ke tallafe hannun tayar daga ƙasa, akwai mai ƙugiya da ke kama wasu 'yan dunƙulen ƙarfe da ake ɗaurawa a hannun, masu zare na milimita 6, 8 ko 10 gwargwadon babur. Mai ƙugiya ya fi riƙo nesa ba kusa ba, domin roba tana zamewa idan man sarƙa ya taɓa ta. Babura masu hannun baya guda ɗaya, kamar Honda VFR da wasu samfuran Ducati, nasu sitan daban ne, mai sanda da ke shiga cibiyar wili.

Ni Boxer gare ni. Ina buƙatar duk waɗannan kayan?

Ba ka buƙata. Bajaj Boxer, TVS HLX, Honda CG125, Haojue, Daylong, Jincheng da danginsu yawanci suna zuwa da dabal sitan, kuma nauyinsu yana tsakanin kilo ɗari zuwa ɗari da talatin ne. Rabin aikin kamfani ya riga ya yi maka.

Ka kafe shi a kan dabal sitan a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Yawanci za ka ga tayar baya ce ta tashi, ta gaba tana ƙasa. Sai a danne baya: buhun yashi a kan kariya, wato wurin ɗaura kaya, ko wani ya danna maka, gaba ya tashi. Daga nan ka cusa guntun katako mai kauri a ƙarƙashin gaban inji ko ƙarfen da ya tallafe shi, yadda ko an ɗauke buhun gaba ba zai dawo ƙasa ba. Yaron gareji da aka zaunar a baya ba matokari ba ne. Za a kira shi, ko ya gaji ya miƙe, kai kuma hannunka yana tsakanin ƙarafa.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. Dabal sitan yana naɗewa ne idan babur ya matsa gaba. Yayin da kake jan ƙafar shokazoba da ta ƙi fita, gaba kake jan babur ɗin ba ka sani ba. Ka sami igiya mai ƙarfi ka ɗaure ƙafar sitan ɗin, ka ja ta gaba ka ɗaure a gad ko a ƙarfen gaban inji, ta yi tauri. Minti ɗaya ne aikin, kuma shi ne ke raba gyaran sil da sayen sabon tanki.

Jak fa? Ina da na mota a gida.

Jak yana yi, amma tambayar ita ce me zai tokara. Ka leƙa ƙarƙashin babur. Idan akwai bututun firam guda biyu da suka bi ta ƙarƙashin inji a kwance, kamar a yawancin Harley-Davidson da baburan hawan daji, to akwai wurin zama mai kyau, kuma jak mai faffaɗan kai da aka yi don babur zai ɗaga shi gaba ɗaya cikin kwanciyar hankali. Idan kuwa babur na gudu ne irin Yamaha R1 ko Suzuki Hayabusa, abin da za ka tarar a wurin shi ne robobin jiki, bututun salansa, filtar mai da kaskon baƙin mai na alminiyom. Bututun salansa yana lotsewa, filta tana fashewa, kaskon kuma yana tsagewa idan nauyi ya taru masa a wuri ɗaya. Gyaran da zai biyo baya ya fi kuɗin sitan sau da yawa.

Jak na mota kansa ƙarami ne, babur ba zai zauna a kansa shi kaɗai ba. Amfaninsa shi ne taimako: bayan babur ya riga ya kafu a kan dabal sitan ko sitan baya, sai a sa jak a gaban inji da katako a tsakani, a ɗaga kaɗan har taya ta bar ƙasa da kamar faɗin yatsa biyu. Da ta bar ƙasa ka tsaya. Idan ka ci gaba da ɗagawa za ka fara ɗauke nauyi daga sitan baya, babur ya koma yana rawa a kan jak.

Boris na wuya nake so in canza tare da sil. Mai fil ɗin zai yi?

Ba zai yi ba, domin sandar da fil ɗin ya shiga ita ce za ka zare. Ko gwada boris ɗin ma, wato juya kan babur hagu da dama a ji ko yana sarƙewa a tsakiya, ya fi fitowa fili idan ba abin da ya tokari wuyan. A nan sai nauyi ya koma jikin firam ko inji: dabal sitan da katako, jak a ƙarƙashin firam, sitan tsakiya, ko ratayewa daga sama.

Shi ya sa tun kafin saye yake da kyau mutum ya zauna ya lissafa ayyukan da zai riƙa yi da hannunsa. Mai taya da birki kawai, na ƙarƙashin ƙafafu ya ishe shi. Mai shokazoba, sai mai fil. Wanda zai kai har wuya, sai abin da ya kama tsakiyar babur.

Mene ne sitan tsakiya? Ya cancanci kuɗinsa?

Shi ne wanda yake kama firam ta gefe, kusa da inda hannun tayar baya yake juyawa. Kamfanin Abba na Ingila yana yin wanda ke matse babur ta ɓangare biyu a wannan wurin. Shi kaɗai baya yake ɗagawa, amma akwai ƙarin hannu da ke jan baya ƙasa gaba ya tashi, akwai kuma babbansa mai suna Sky Lift da ke ɗaga babur gaba ɗaya. Bursig na Jamus ta gefe ɗaya yake kamawa, ya ɗaga tayoyin biyu lokaci guda, kuma yana da ƙananan tayoyi da za ka tura babur lungu da su. Mutum ɗaya yana iya aiki da kowannensu ba mai riƙe masa.

Aibinsu biyu ne. Suna da tsada, ga kuɗin jigila tunda ƙarfe ne mai nauyi. Kuma kowane samfurin babur da nasa mahaɗin. Ka sayar da babur ka sayi wani, sai ka sake neman mahaɗi. Ga mai babban babur guda ɗaya da yake niyyar daɗewa da shi, kuma shi ke yin gyaransa, na ga ya cancanta. Ga gareji da babura iri-iri ke shigowa kullum, sitan baya da mai fil da tarin filalla sun fi masa riba.

Zan iya rataye shi a rufin gareji ko reshen bishiya?

Ana yi, kuma idan an yi da hankali yana da kyau ƙwarai, tunda ƙarƙashin babur a buɗe yake ba abin da zai tare ka. Abin dubawa shi ne wurin ratayewar. Katakon rufin kwano an sa shi ne don ɗaukar kwano, ba don gaban babur mai kilo ɗari biyu ba. Ƙarfen gini mai kauri ko firam da aka yi walda musamman shi ya dace. Reshen darbejiya yana da gautsi, ba ya ba da sanarwa kafin ya karye.

Igiya biyu ake sawa, hagu da dama, irin bel ɗin ɗaure kaya mai maƙulli, kuma a firam ake ɗaurawa a bayan wuya. Kada a ɗaura a hannun babur idan hannayen a jikin ƙafafun shokazoba suke maƙale, kamar yadda suke a baburan gudu, domin su ma fita za su yi. A lura kada bel ya matse wayoyin lantarki ko kebul ɗin totur. Baya kuma har yanzu sai an kafe shi, in ba haka ba babur zai riƙa lilo.

Mai walda zai iya ƙera min sitan?

Sosai ma. A wurare irin su Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano ko Katako a Yamai, ƙarfen da ake buƙata da hannun da zai haɗa shi duk akwai. Ka kai masa babur ɗin ya auna da kansa, kada ka nuna masa hoto a waya kawai. Ya yi amfani da bututu mai kaurin jiki, ba irin na kujera ba. Gindin ya yi faɗi. Fil ɗin a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da shi daidai ramin, daga dunƙulallen ƙarfe, ba guntun rodi da aka goge da giranda ba. Tsayin ma a yi lissafinsa: shokazoba tana miƙewa idan nauyi ya bar ta, saboda haka sitan da bai ɗaga sosai ba, zai bar taya tana taɓa ƙasa. Gwajin farko a yi shi da mutum biyu a gefe, taya na jiki, kafin a kwance komai.

An rubuta a kwalin sitan cewa yana ɗaukar kilo 200, babur ɗina kuma ya fi haka. Ba zai yi ba ke nan?

Sitan gaba kusan rabin nauyin babur kawai yake ɗauka, don haka BMW R1250GS mai kilo 249 ko Africa Twin mai kusan kilo 230 ba su fi ƙarfinsa ba a lissafi. Jak ko sitan da zai ɗaga babur gaba ɗaya kuwa, dole adadinsa ya wuce nauyin babur da tazara. Gold Wing yana haura kilo 360. Amma lambar da ke jikin kwali ba ta kai idonka ba. Ka duba walda, ka duba kaurin bututu, ka duba ko tayoyinsa roba ce mai taushi da za ta baje.

Me ya kamata in sassauta kafin in ɗaga?

Duk wani noti mai taurin kai, a karya ƙarfinsa tun babur yana ƙasa da nauyinsa a kan tayoyi. Yawancin baburan da ke faɗowa daga sitan, a lokacin da ake kokawa da noti suke faɗowa.

Notin sandar taya da ƙananan notocin da ke matse ta, notocin mamatsin birki (abin da ke matse faifai), sai murfin saman kowace ƙafa. Game da murfin, idan mariƙin sama mai matsewa ne, ka fara sassauta notinsa, ka bar na ƙasa a ɗaure. Na saman yana matse bakin bututun ne ya hana murfi juyawa, na ƙasan kuma shi zai riƙe maka bututun kada ya bi sufana. Rabin zagaye ya isa, kada ka cire, akwai sifirin a matse a ƙarƙashinsa. Idan za ka raba ƙafar biyu don canza sil a shokazoba irin ta gargajiya, ƙusar da ke can ƙasan ƙafar ma ta fi saurin kwancewa tun sifirin yana ciki yana danne abin da ta kama.

Kafin ka zare ƙafa, ka auna yadda bututun ya leƙo saman mariƙi, ka rubuta ko ka ɗauki hoto. Mamatsin birki a rataye shi da waya a jikin firam, kada a bar shi yana reto a kan tiyo, kuma kada kowa ya matsa birkin gaba alhali faifai ba ya ciki. A babura masu birkin ganga, kebul ɗin birki da na mita su ne za a fara cirewa.

Babur yana zaune lafiya a kan jak, da na cire taya sai ya nemi kifewa baya. Me ya faru?

Ka canza masa ma'auni ne. Tayar gaba da faifan birki da ƙafafun biyu a babban babur sun kai kilo ashirin ko fiye, kuma suna can ƙarshen gaba inda nauyi ya fi tasiri. Da suka fita sai baya ya rinjaya. A kan dabal sitan wannan alheri ne, tayar baya za ta sauka ƙasa ta zauna. A kan jak ɗin da ya ɗaga tayoyin biyu kuwa haɗari ne. Ka cusa katako a ƙarƙashin tayar baya tun kafin ka fara cirewa, ka kuma ɗaure babur a jikin jak da bel. Wajen mayarwa ma haka, nauyi zai dawo gaba a hankali.

Sai gobe ko jibi kayan gyara za su iso. Zan iya barin shi a sama?

A kan sitan ƙarfe, e. A kan jak mai aiki da mai, a'a, sai dai idan yana da sakata kuma ka saka ta. Irin wannan jak yana sauka kaɗan-kaɗan cikin dare. Ka tara katako a ƙarƙashi ya karɓi nauyin. Bulo ba abin dogaro ba ne, yana rugujewa lokaci guda. Idan ƙasan wurin yashi ne, ka shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin kowace ƙafar sitan, domin ƙafa ɗaya ta nutse da inci guda ya isa ya karkatar da babur. A gidan da akwai yara ko awaki kuma, a rufe ɗakin.

Mai kawai zan canza, ba sil ba. Dole sai na ɗaga?

Tsofaffin babura da dama suna da 'yar ƙusa a ƙasan kowace ƙafa da ake zubar da mai ta wurin, na zamani yawanci babu, sai an zare ƙafar an kifa ta. Ko da akwai ƙusar, ɗagawa ta fi: idan ka cire murafan biyu alhali nauyi yana kan taya, ba abin da ke riƙe da gaba kuma, zai durƙushe nan take, sifirin ya yi tsalle. In dole ne a yi a ƙasa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu. Yawan mai da kaurinsa, ko 10W ne ko 15W, littafin babur ɗin ne zai faɗa maka, kuma ƙafafun da aka yi su iri ɗaya su sami mai daidai wa daida.

Na gama. Akwai wani abu wajen saukewa?

Kada ka ƙarasa ɗaure notocin da ke matse sandar taya tun babur yana sama. Ka ɗaure notocin mariƙi na sama da na ƙasa da babban notin sandar, ka mayar da birki, ka sauke gaba sannan baya, da ƙaramin sitan a buɗe da wani yana riƙe. Ka matsa birkin gaba sau da yawa har ya yi tauri, sannan ka riƙe shi ka danna gaban babur ƙasa sau biyar ko shida don ƙafafun su sami mazauninsu a kan sandar. Bayan nan ne za ka ɗaure ƙananan notocin. Idan ka kwance hon ko mahaɗar tiyo don fil ya shiga, ka mayar da su, ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe ka tabbatar ba wayar da ke ja kafin ka hau titi.